Wa Ke Riƙe da Gidan Ɗan Ci-rani? Daga Zangon Gwanja zuwa Asusun Manila

Da zarar an kai masara da dawa rumbu a ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, sai majalisun samari su fara yin fili. Daga Tafoki da garuruwan da ke kewaye da ita, wasu su nufi Legas ko Fatakwal ko Abuja, su kama acaɓa, dako, gadi ko turin ruwa. Masu dogon buri su ratsa Maraɗi da Agadas, su shiga Libiya ko Aljeriya. Akwai kuma masu shiga Saudiyya da bizar Umara, su zauna neman abin rufin asiri. A da tafiyar ta rani ce, a dawo da faɗuwar ruwan farko. Tun da 'yan bindiga suka hana noman gonakin nesa, wasu ko damina ba ta maido su gida.

Kowace tafiya tana barin tambaya a ƙofar gida. In matafiyin ya kwanta ciwo inda ba shi da kowa, ko aka tsare shi, ko ubangidansa ya danne masa haƙƙi, ko ya rasu, wa zai tsaya masa? Matarsa da 'ya'yansa kuma, wa zai riƙe su? Tambayar ta daɗe, kuma tarihi ya ba ta amsoshi iri-iri. In aka jera su, abu ɗaya ke fitowa fili: gwamnati a wajenmu ta saba zuwa ne bayan ɓarna ta auku, da mota ko jirgin kwaso mutane. A fanni ɗaya kaɗai ta kafa wa matafiyi hukuma mai ɗorewa, wato aikin Hajji.

Zamanin madugu da mai gida

Kafin zuwan Turawa, babbar tafiyar Bahaushe ita ce ta Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Ayarin fatake kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da fatu, ya dawo da goro daga kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har shekara. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan cinikin goro, ya nuna yadda Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan hanya. Cikin zuriyar Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya yi fatauci a Kumasi da Ankara kafin ya zama babban attajirin Kano.

Ba sarkin da ke bin ɗan kasuwarsa zuwa Gwanja don ya kare shi. Fataken ne suka yi wa kansu tsari. A hanya akwai madugu, wanda ke sasantawa da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, ya biya kuɗin fito, ya raba gardama. A gari akwai zango, a zango akwai mai gida ko fatoma, wanda ke ba baƙo masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa lamuni. In baƙo ya rasu, sarkin zango da liman ne ke yi masa sutura, a killace dukiyarsa har a sami amintaccen da zai kai wa magada. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar da wannan tsari na mai gida yana nan daram a cinikin shanu da goro.

A gida kuwa gandu ne jingina. Wa ko ƙane ya riƙe gona, matar matafiyi ta ci daga rumbun gida. Shari'a ma ta yi tanadi. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace tana kai ƙara gaban alƙali, a bincika, in ba labari a ɗiba mata shekara 4, sannan ta yi takaba. In kuwa babu abin ciyar da ita, tana da damar neman a raba auren ba tare da wannan dogon jira ba.

Tsarin ya yi aiki, amma yana da iyaka biyu. Na farko, wanda ke da ubangida ne ke cin moriyarsa sosai. Ɗan dakon da ba wanda ya san asalinsa yakan faɗi ba mai tallabarsa. Na biyu, zango baƙo ne shi ma. Ranar da masu ƙasa suka juya masa baya, ba shi da abin yi.

Haraji, jirgin ƙasa da ɗiban gwamna

Bayan 1903, Turawa suka tilasta biyan haraji da kuɗinsu. Wanda gyaɗarsa ko audugarsa ba ta kai ba, dole ya fita nema. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Cin rani ya zama babbar harka. A ranin 1952 zuwa 1953, wani ƙidaya da R. M. Prothero ya yi nazari a kansa ya lissafa sama da mutum 250,000 da suka fita daga Lardin Sakkwato ko suka ratsa ta cikinsa daga Nijar, suna neman aiki ko ciniki.

Gwamnatin mulkin mallaka ta damu da ƙirga waɗannan mutane saboda haraji da ƙwadago. Jin daɗinsu kuwa ta bar wa zango. Da ta matsu da kuza lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta kwashi talakawa daga lardunan Arewa da ƙarfi zuwa ma'adinan Jos tsakanin 1942 da 1944, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can.

Wani wurin da aka yi rubutacciyar yarjejeniya shi ne tsibirin Fernando Po, wanda ake kira Bioko a yau. A 1942 Ingila da Sifaniya suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar leburori daga Najeriya, galibinsu mutanen Gabas, zuwa gonakin koko. An tanadi jami'in da zai riƙa duba halinsu, an kuma ce a riƙe wani kaso na ladansu a ba su in sun dawo. Duk da haka koke-koken duka da zalunci ba su yanke ba. Ƙarshenta gwamnatin Murtala ta aika jirage suka kwaso dubun-dubatar 'yan Najeriya daga can a 1975 zuwa 1976. Wannan salo na kwasowa shi ne za mu yi ta gani nan gaba.

Hanyar gabas da ofishin Jidda

Ɗaya babbar hanyar ita ce ta gabas. Talaka mai niyyar Hajji kan tashi a ƙasa da iyalinsa, ya bi ta Borno da Cadi da Darfur, yana tafe yana aiki. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai mabiya bakin kogin Nilu, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, Hausawa da sauran mutanen yamma suka zama ƙashin bayan ƙwadagon wurin. Alhaji a wancan zamani ɗan ci-rani ne: shekaru yake yi a hanya, wani ya mutu, wani ya zauna har jikoki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, amma irin wannan tafiya ta sarakuna ce.

A nan ne aka fara samun canji. A 1953 Abubakar Imam, wanda ya koyar a makarantar Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai a Legas cewa a buɗe ofishi a Jidda domin alhazan Najeriya. Sardauna Ahmadu Bello ya je Hajji a 1955 ya ga halin da mutane ke ciki da idonsa. A 1957 aka tura Malam Abubakar Gumi Jidda a matsayin jami'in alhazai. Jihar Yamma ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1958, Jihar Arewa ta bi baya, gwamnatin tarayya ta kafa tata a 1975, sannan dokar 2006 ta haifi NAHCON.

A yau maniyyaci daga Tafoki yana da jami'in alhazai a ƙaramar hukumarsa. Ana rubuta sunansa, a yi masa bita, a yi masa allura, a tanadar masa masauki da likita, a san ranar dawowarsa. In ya rasu, ana sanar da iyalinsa. Akwai ƙorafe-ƙorafe kowace shekara, amma ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana nan. Maƙwabcinsa da zai tafi ƙasar guda neman aiki na shekara biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ranar da zango ya kasa

Ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya fice. Yarbawa ne suka fi yawa cikin 'yan Najeriyar da abin ya shafa, amma Hausawan zangunan Kumasi da Ankara da 'yan Nijar ma sun sha. Mutanen da aka haifa a can suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Najeriya tana tsakiyar yaƙin basasa. Dangi ne suka karɓi mafi yawan waɗanda suka dawo.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu sai muka rama. A Janairun 1983, da kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda, kimanin miliyan 2, wajen rabinsu 'yan Gana, har da 'yan Nijar da Cadi masu yawa. Wannan ya faru ne shekara 4 kacal bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Yarjejeniyar ta buɗe iyaka, amma ba ta ce ga mai kula da wanda ya tsallaka ba.

Yadda Filipin ta yi

Waɗanda suka yi sakandare a tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a cire Katsina a 1987, suna tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Filipin, da ma'aikatan jinyarsu a asibitoci. Zuwansu ba haɗari ba ne. A 1974 Shugaba Ferdinand Marcos ya fitar da dokar ƙwadago wadda ta mayar da tura ma'aikata waje manufar gwamnati, daidai lokacin da kuɗin mai ya buɗe ayyuka a ƙasashen Larabawa. A 1977 aka kafa asusun jin daɗin waɗannan ma'aikata, a 1982 aka kafa hukumar POEA mai tantance kwangila da ba kamfanonin ɗaukar aiki lasisi, a 1987 asusun ya koma hukumar da ake kira OWWA.

Tsarin mai sauƙin fahimta ne. Kan kowace kwangila ana biyan dala 25, wanda ke sa ma'aikaci cikin asusun har tsawon shekara 2. Kafin ya tashi dole ya halarci bita kan dokokin ƙasar da zai je da inda zai kai kuka. A ofisoshin jakadanci na ƙasashen da suke da yawa akwai jami'an ƙwadago da na jin daɗi, da gidajen fakewa ga matan da suka gudo daga gidan aiki. In ya rasu, iyalinsa na karɓar feso 100,000, ko 200,000 in haɗari ne, da 20,000 na jana'iza. Akwai tallafin karatu ga 'ya'ya, da ɗan jari ga wanda ya dawo hannu rabbana. Muhimmin abu shi ne matar da ke ƙauye tana da ofishin yanki da za ta je da takarda, a duba sunan mijinta a rajista.

Ba tausayin shugabanni ne kaɗai ya kawo wannan ba. Ranar 17 ga Maris 1995 aka rataye wata 'yar aikin gida, Flor Contemplacion, a Singafo bisa laifin kisa. Jama'a suka cika tituna suna cewa gwamnati ta yi sakaci da ita. Ministan harkokin waje da ta ƙwadago suka bar kujerunsu, kuma a watan Yunin shekarar Shugaba Fidel Ramos ya sa hannu a dokar kare ma'aikatan waje, wadda ta ware feso miliyan 100 don ɗaukar lauyoyi da wasu miliyan 100 don kwaso mutane cikin gaggawa. A 2006 gwamnatin ta kafa dala 400 a matsayin mafi ƙarancin albashin 'yar aikin gida. A 2018, bayan an tsinci gawar wata 'yar aiki a cikin firiza a Kuwait, ta dakatar da tura ma'aikata can har sai da aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya. A ƙarshen 2021 aka yi dokar da ta haɗa yawancin waɗannan ayyuka a ma'aikata guda.

'Yan Filipin da kansu suna sukar tsarin. Dala 25 ɗin da ya kamata mai ɗaukar aiki ya biya, sau da yawa daga aljihun ma'aikaci take fita. Wanda ya fita ta bayan fage ba ya cikin asusun. Wasu kuma na cewa gwamnati ta saba da kuɗin da ake aikowa, sama da dala biliyan 35 a shekara, har ta yi sanyi wajen samar da aiki a gida, yara na tashi ba uwa. Duk da haka, ma'aikacinsu yana da suna a rajista da haƙƙi a rubuce.

Mu da jirgin kwasowa

Najeriya ma ta yi dokar ƙwadago a 1974, wadda ta hana ɗaukar mutum aiki ba lasisi. Ta amince da manufar ƙaurar ma'aikata a 2014. Dokar 2017 ta kafa NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, wadda ta fara aiki a 2019 ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa. Ma'aikatar ƙwadago na da cibiyoyin ba matafiya shawara a Abuja, Legas da Benin. Takardu akwai su. Abin da babu shi ne asusun da ɗan ƙwadago zai shiga, da ofishin da iyalinsa za su iya kaiwa da kuɗin mota na yini ɗaya.

Don haka tarihin shekarun nan jerin kwasowa ne. A ƙarshen 2013, da Saudiyya ta rufe wa'adin afuwa ga marasa iƙama, jirage suka riƙa sauke mutanenmu a Kano. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon gwanjon mutane a Libiya, sai aka tashi tsaye ana kwaso 'yan Najeriya tare da hukumar IOM. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, gwamnati ta ce ta ware dala miliyan 1.2 don hayar motocin da za su kai mutane iyakar Masar, inda ɗalibai suka kwana da kwanaki kafin a bar su su wuce. An kwaso sama da 2,000. Kowane karo sai an fara da tambayar mutum nawa ne, domin ba wanda ya rubuta su da za su fita.

Maƙwabtanmu sun ga abin da ya fi wannan muni. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Hausawa ne irin na kowane ƙauye a Katsina.

Kuɗin da 'yan Najeriya ke aikowa gida ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara. Hankalin hukuma ya fi karkata ga likitoci da injiniyoyin Ingila da Amurka, masu aikowa ta banki. Abin da mai dako a Sabha ko mai aikatau a Jidda ke aikowa ta hannun direba ko ɗan canji ba ya shiga lissafi sosai, alhali shi ne ke sayen taki, ya biya kuɗin magani, wani lokaci ma ya biya kuɗin fansa.

Abin da za a iya ɗauka

Ba za a kwafo tsarin Manila yadda yake ba. Nasu ya ginu ne kan kwangila da fasfo da filin jirgi, namu matafiyin kan fita ne ta Jibiya ko Kongolam ba takarda. Kuma talakan da ya ga yadda kuɗin fansho ke salwanta ba zai yi saurin zuba kuɗinsa a asusun gwamnati ba. Amma ginshiƙan nan uku, rajista da bita da asusu, ba baƙi ba ne a wurinmu. Hukumar alhazai ta daɗe da na farko da na biyu, kuma tun 2020 akwai asusun adashin Hajji da NAHCON ta buɗe da bankin Jaiz. A can kuma sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan gari suna nan a zangunan Afirka ta Yamma, suna karo-karo don kai marar lafiya asibiti da binne mamaci. Sun san wanda ya zo da wanda ya ɓace fiye da kowane ofishin jakadanci.

Abin da ya rage shi ne a haɗa biyun: tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma inda mai tafiya zai bar sunansa da na magajinsa ba tare da tsoron kamu ba, lambar waya da ake ɗauka, da ɗan asusu wanda wakilan matafiyan ke cikin masu sa ido a kansa. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi hayar jirgi araha.

Duk abin da alhaji ke mora a yau ya faro ne daga ƙudirin mutum ɗaya a majalisa a 1953. Mazaɓar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa tana da kujera a Majalisar Wakilai, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da tata a majalisar dokokin Katsina. Masu zuwa neman ƙuri'a za su dawo, kuma akasarin waɗanda za su tarar a gida mata ne da tsofaffin da aka bar wa riƙon gida. Su suka fi cancanta su tambaya: wa zai kai ƙudirin ɗan ci-rani?